Mikiyar da Ba Ta San Manomi Ba

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. To, 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu daraja, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: ran da aka zauna a Abuja za a zaɓi irin jirgin yaƙin da Nijeriya za ta saya, wa ya tuna da mai ɗakin? Ina nufin manomin Zurmi, da ɗan kasuwar Shinkafi, da direban da ke ɗibar fasinja daga Ƙauran Namoda ya bi ta Moriki yana addu'a har ya sauka. Sunansu ake ambata in ana neman kuɗin, bisa kansu jirgin zai yi shawagi in ya iso, amma ba su cikin shawara. Ra'ayina a wannan maƙala guda ɗaya ne, ba kuwa zan yi masa lulluɓi ba: yawancin jiragen yaƙin da muke saye, buƙatar mai sayarwa da alfaharin mai saye ne ke zaɓar su, yaƙin da ke gabanmu a dajin Zamfara bai cika samun ta cewa ba. Muddin kuwa haka abin yake, bashi zai yi ta ƙaruwa, kaburbura su yi ta ƙaruwa.

Bari mu soma da tarihi, domin abin ba yau ya fara ba. An kafa rundunar mayaƙan saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sai Ingila, wadda ta sauka daga kanmu shekara 7 kacal kafin nan, ta ƙi sayar wa gwamnatin Janar Gowon jiragen yaƙi, Amurka ma ta noƙe. Tilas aka juya wajen Rasha, jiragen MiG-17 suka sauka a Kano cikin watan Agusta na shekarar, aka kuma aro matuƙa daga Masar. Darasin farko ke nan: mai sayar da jirgin yaƙi ba ɗan tireda ba ne da zai miƙa maka kaya don ka miƙa kuɗi. Sai cinikin ya dace da siyasarsa. Darasi na biyu ya biyo baya a 1969, sa'ad da wani Bature ɗan ƙasar Suwidin mai suna von Rosen ya kai wa 'yan Biyafara wasu 'yan ƙananan jirage 5 na koyon tuƙi, aka ɗaura musu rokoki, suka rafke jiragenmu masu tsada suna fake a ƙasa a Fatakwal da Benin da Inugu. Watau tun ran nan ya kamata mu gane cewa tsadar jirgi ba ita ke cin yaƙi ba.

Mun gane? Ina! Da kuɗin man fetur ya zo, sai ido ya rufe. Aka sayo MiG-21 daga Rasha a 1975. A farkon shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet 24, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus. A 1983, ƙasa na cikin tsuke bakin aljihu, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi odar Jaguar 18 daga Ingila. Jaguar ɗin nan sun soma isowa a 1984, ya zuwa 1991 an jingine su, saboda riƙonsu ya fi ƙarfin aljihunmu. Shekara 7 ke nan. Shi kuwa Alpha Jet, wanda asalinsa jirgin horo ne da ƙaramin farmaki, ba mai ado ba ne, ba mai suna ba ne, shi ya yi aikin Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, shi ne kuma aka gani bisa dajin Zamfara bayan shekara 40. Mai hankali zai ce to, ga amsa nan: a sayi abin da za a iya riƙewa, wanda ya dace da aikin. Amma a 2005 sai aka sake ƙulla cinikin jirage 15 samfurin F-7 da ƙasar Sin, watau kwafin wancan MiG-21 ɗin da aka ƙirƙiro tun shekarun 1950 domin tare jiragen abokan gaba a sararin sama. Da Boko Haram ta taso, wane jirgi gare ta da za a tare?

Yanzu mu duba inda linzamin yake. A 2014, ana tsakiyar wuta a Borno, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, domin ƙirarta ne, ba a sayar da su ga wani sai da yardarta. Cikin watan Satumba na shekarar, hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 cikin wani jirgin haya kusa da Johannesburg, gwamnatinmu ta fito ta ce kuɗin sayen makamai ne. Ku duba wannan abin kunya: ƙasa sukutum tana yawo da kuɗi cikin akwati kamar mai fataucin goro. Sa'an nan aka shiga zancen Super Tucano. Gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin bayan da jirginmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a watan Janairun 2017, ya hallaka mutane masu yawa, har da ma'aikatan agaji. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Trump ta amince. Me ya sauya cikin watannin nan? Mutanen Rann ba su tashi daga kabari ba. Mai mulki ne ya sauya a Washington. Ƙasashen da ke yi mana wa'azin haƙƙin ɗan Adam kuwa, su ne suka ci gaba da sayar wa Saudiyya bama-bamai tana yaƙin Yemen.

A 2018 Shugaba Buhari ya ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai ya biya, daga baya ya rubuta wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa yana neman amincewarta. Jirage 12 ne, in ka raba, kowane ɗaya ya tashi a kan fiye da dala miliyan 41, har da makamai da horo da gyaran sansani. Aka biya a 2018, rukunin farko bai iso ba sai watan Yulin 2021, aka ajiye su a Kainji. Da suka iso kuma sai gardama ta tashi: shin sharaɗin cinikin ya yarda a yi amfani da su a kan ɓarayin daji, ko kuwa sai a kan 'yan ta'addan Arewa maso Gabas? Ana cikin wannan taƙaddama ne Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda cikin Nuwamban 2021, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta a Janairun 2022. Jama'a, ku yi tunani. Ka sayi doki da kuɗinka, ka jira shekara 3, sa'an nan ka tsaya kana duba takarda ko an yarda ka hau shi zuwa gonarka. Wannan doki naka ne ko na aro?

Kada ku ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. A 2019 Amurka ta fitar da Turkiyya, ƙawarta a ƙungiyar NATO, daga shirin jirgin F-35 don ta sayi makaman kariyar sama daga Rasha. Ita Turkiyyar ta ƙulla cinikin jiragenta masu saukar ungulu samfurin T-129 da Pakistan, cinikin ya cije domin injin na buƙatar izinin Amurka. Irin wannan T-129 ɗin muka saya guda 6. JF-17 ɗin da muka sayo daga Pakistan, ƙirar haɗin gwiwa ce da Sin, injinsa kuwa na Rasha ne. Ashe jirgi guda na iya zama da iyayen gida uku. Wanda ya sayar maka da jirgi ya sayar maka da igiya ne wadda ɗaya bakin ke hannunsa: kayan gyara nasa, bam nasa, makanike nasa, horon matuƙi nasa, har tsawon ran jirgin. Wannan shi ne sabon mulkin mallaka, ba ya buƙatar Razdan ko Di'o.

To, mu dawo gida. Wane irin yaƙi ne ake yi a arewacin Zamfara? Abokin gaba ba shi da jirgi, ba shi da tankar yaƙi, ba shi da bariki. Babur gare shi, mutum biyu ko uku a kai, da bindiga ƙirar AK-47, da wayar hannu, da ɗan leƙen asiri a cikin gari. Yana kwana a dajin Dumburum na ƙasar Zurmi, ko Sububu, ko yankin Fakai na ƙasar Shinkafi inda Bello Turji ya yi kaka-gida, kuma kusa da shi akwai rugage da ƙauyuka da mutanen da ya sato ya ɗaure. Yana aza wa manoma haraji kafin shuka, ya sake azawa kafin girbi. Yanzu ku kawo jirgin da ke gudun kilomita 900 a sa'a guda. A minti ɗaya ya share kilomita 15. Ina matuƙinsa zai bambance ayarin baburan ɓarayi da ayarin baburan 'yan sa-kai da suka biyo sawunsu? Ina zai bambance mai saɓe da bindiga da mai saɓe da galma? Mikiya idan ta diro, abin da ta hango yana motsi take sura.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Afrilun 2019 majalisar sarakunan Zamfara da kanta ta fito ta ce hare-haren sama suna faɗa wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, har aka ambaci yankin Dumburum, rundunar ta musanta. A Disamban 2022 aka ba da rahoton mutuwar fiye da mutum 60 a Mutumji cikin masarautar Ɗansadau. A Janairun 2025, a Tungar Kara, cikin farmakin da aka kai yankin Zurmi da Maradun, aƙalla mutum 16 suka mutu, yawancinsu 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito kare dukiyarsu, gwamnatin jiha ma ta yi ta'aziyya. Maƙwabtanmu ba su tsira ba: Tudun Biri a Kaduna, Disamban 2023, inda jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi, sai Gidan Sama da Rumtuwa a ƙasar Silame ta Sakkwato, Disamban 2024. Talakan da ya gudu daga ɓarawo ya ji ƙugin jirgi, maimakon ya yi hamdala sai ya rasa inda zai sa kansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Da a ce wannan jini ya sayo zaman lafiya, da sai wani ya ce ai magani ɗaci gare shi. Ina zaman lafiyar? Mu 'yan ƙungiyar Hausa lalle mun yaba da sunayen da sojoji ke raɗa wa farmakinsu: Harbin Kunama a 2016, Sharan Daji, Diran Mikiya a 2018, Hadarin Daji a 2019, Fansan Yamma a 2024. Hausa ta yi Hausa. Amma a Fabrairun 2018 aka kashe kusan mutum 40 a Birane ta ƙasar Zurmi. A watan Mayun 2021 aka yi bikin karɓar JF-17 guda 3 a Makurɗi, da kaɗe-kaɗe da jawabai; bayan 'yan makonni, cikin watan Yuni, aka kashe mutum 53 a Kadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Zurmi. A watan Yulin shekarar ɓarayin nan suka harbo Alpha Jet a iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da lema, Allah ya yi da sauran kwanansa. A Satumba aka toshe layukan waya, aka rufe kasuwanni, Shinkafi ta ɗanɗana kuɗarta. A Yulin 2025, bayan duk waɗannan jirage sun iso, aka kashe fiye da mutum 30 daga cikin mutanen Banga ta ƙasar Ƙauran Namoda da aka sace, alhali an biya kuɗin fansa. Halilu Sububu kuwa, wanda aka daɗe ana nema, kwanton ɓauna aka yi masa a ƙasa a Satumban 2024. Labarin inda zai bi ne ya kashe shi.

Wanda ke shakka ya dubi Afganistan. Amurka ta ba sojan saman ƙasar irin wannan Super Tucano ɗin namu. Da Kabul ta faɗi a Agustan 2021, matuƙa suka tsere da jirage zuwa Uzbekistan da Tajikistan. Jirgi yana iya rushe sansani, amma ba ya kwana a ƙauye, ba ya raka manomi gona, ba ya yanke hukunci tsakanin makiyayi da mai gona. Ƙasar da ba ta riƙe ƙasa ba, sama ba ta riƙe mata.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan tsallake shi ba. Za su ce kowace ƙasa mai cin gashin kanta tana buƙatar jiragen kare samaniyarta. Gaskiya ne, ba kuwa na ce a rufe rundunar ba. Za su ce matuƙanmu suna sayar da rayukansu, kuma hare-haren sama sun hallaka ɓarayi da dama, sun tarwatsa sansanoni. Wannan ma gaskiya ne, kuma ina girmama yaran nan. Don ina girmama su ne ma nake cewa zalunci ne a tura matuƙi da labarin da ba a tantance ba, ya dawo da jinin bayin Allah a wuyansa, wanda ya sa hannu a kwangila kuwa yana barci a Abuja. Za su ce Super Tucano ai mai farfela ne, mai tafiya a hankali, an ƙera shi ne musamman don irin wannan yaƙi. Na yarda ya fi F-7 dacewa nesa ba kusa ba, kuma wannan hujjata ce ba tasu ba: in mai tafiya a hankali ya fi amfani, me ya kai mu ga masu gudun walƙiya? Daga ƙarshe za su ce, yaro, wannan sirrin tsaro ne. To, wane sirri? Hukumar Amurka mai kula da cinikin makamai tana buga irin kayan da kimar kuɗinsu a fili domin majalisar ƙasarta. A can aka bayyana cinikin jirage masu saukar ungulu AH-1Z guda 12 a kan dala miliyan 997 a 2022. Ba'amurke ya sani, dillali ya sani, mai biya ne kaɗai ake ɓoye wa. Ƙarƙashin wannan sirrin ne aka yi badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da aka soma bincike a kanta a 2015.

Ba a kuwa daina ba. An ƙulla cinikin jirage 24 samfurin M-346 da kamfanin Leonardo na Italiya, kimanin yuro biliyan 1.2. A Oktoban 2024 majalisar zartarwa ta amince a ciyo bashin kimanin dala miliyan 618 domin 6 daga cikinsu da harsasansu. Bashi fa na ce, wanda ku da ke karanta wannan mujalla za ku biya, ku da 'ya'yanku. A watan Yunin wannan shekarar ta 2024, likitocin ƙungiyar MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa. A ƙasar da ake wa kirari da noma! Ƙasar da tun 1929 Turawa suka ja layin dogo har Ƙauran Namoda don kwasar gyaɗarta da audugarta. Jiya jirgin ƙasa ya kwashi amfanin gona ya kai Turai, yau jirgin sama ke kwasar kuɗin ya kai can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin takaicin kuma, Super Tucano ɗin nan da muka yi layi muna roƙo, asalinsa ƙirar kamfanin Embraer ne na Brazil, ƙasa mai tasowa irin tamu. An kafa Embraer a 1969. Masana'antar makamanmu ta DICON da ke Kaduna an kafa ta a 1964, ta girme shi da shekara 5. Su suna sayar wa duniya jirage, mu muna jiran izini. Ba basira muka rasa ba, domin injiniyoyin rundunar sun ƙera jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi, aka ƙaddamar da shi a Kaduna a 2018. Amma ƙira a gida ba ta da kamasho, ba ta da tafiya Turai duba kaya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da nake kira a yi. Na farko, kada a sake sa hannu a kan cinikin jirgi ko bashinsa sai an tattauna shi a bainar jama'a a Majalisa, wakilan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda su tashi su tambaya: wane aiki zai yi mana, nawa ne riƙonsa a shekara, wa ke da ikon hana mu amfani da shi? Na biyu, yaƙin ya zaɓi jirgin. Abin da dajinmu ke buƙata shi ne idon da zai daɗe yana kallo kafin a harba, da jirage masu saukar ungulu da ke zaune kusa, waɗanda za su sauke soja a ƙauye tun ɓarawo bai gama kora shanu ba, da hanyar magana kai tsaye tsakanin matuƙi da sojan ƙasa da Askarawan Zamfara, don kada mai bin sawu ya zama abin hari. Na uku, duk inda bam ya faɗa kan bayin Allah, a buga rahoton binciken kowa ya karanta, a faɗi sunayen mamatan, a biya diyya kamar yadda addininmu da al'adarmu suka sani. Na huɗu, kowace kwangila ta zo da sharaɗin gyara a gida da koyar da yaranmu. Na biyar, wanda ya fi duka, kuɗin jirgi guda ya koma ƙasa: 'yan sanda masu zama a ƙauye, hanya mai kyau daga Ƙaura zuwa Shinkafi da daga Zurmi zuwa Jibiya, da kotun da makiyayi da manomi za su yarda da ita.

Mu kuma ɗalibai, kada mu ce wannan zancen manya ne. Ɗan sashen injiniya ya koyi yadda injin nan ke aiki. Ɗan sashen tattalin arziki ya lissafa mana ruwan bashin. Ɗan sashen shari'a ya duba haƙƙin marayun Tungar Kara. Mu 'yan Hausa kuwa aikinmu ya fi na kowa sauƙi ya kuma fi na kowa nauyi: mu juya kasafin kuɗin tsaro zuwa harshen da tsohuwa a Moriki za ta fahimta, mu kai shi rediyo, mu kai shi dandali, mu sa shi cikin waƙa da wasan kwaikwayo. Ran da talaka ya san kuɗin abin da ke ƙugi bisa kansa, ran nan zai soma tambaya, mahukunta kuwa ba abin da suke tsoro kamar tambayar mai ɗaki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.